Kwamfuta Mai Lamba Tara

Ni dai ban taɓa cewa ba ni da faɗa ba. Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi, kuma na san sunan da yara suke kirana da shi a bayan idona: Malama Aradu. Ban taɓa jin haushi ba, har ma yakan ɗan yi mini daɗi. To amma akwai wani mako da sunan nan ya tsaya mini a wuya, shi ne zan ba ku labarinsa.

Ranar Litinin da safe hedimasta ya aiko a kira ni ofis. Na same shi ya jera wasiƙu uku a kan tebur. Wasiƙun iyaye ne, na yaran ajina da za su maimaita aji, ranar Alhamis za a raba su. Biyun farko ban yi musu ba, don ko iyayensu ba za su yi ba. Ta ukun ta wata yarinya ce da 'yan aji suke kira Allura, saboda siririya ce ƙwarai, ga ta ba ta magana. A layi na biyu take zama, kusa da taga.

Na ce, "Yallaɓai, ita kuma wannan me ta yi?"

Ya turo mini rahoton da kwamfuta ta fitar. A bana makaranta ta yanke cewa gwajin da yara suke yi a kwamfuta kowane mako shi ne maki arba'in cikin ɗari. Gwaji goma sha ɗaya aka yi. A gaban sunan Allura sifili ne goma sha ɗaya, sun jeru reras kamar ƙwai a kiret. Ba faɗuwa ta yi ba, ko tambaya ɗaya ba ta taɓa amsawa ba.

Na sa hannu. Wallahi na sa, ba zan ɓoye muku ba. Ina sauri, aji yana jirana, kuma takarda ce da na'ura ta buga, wa zai tsaya jayayya da ita?

Har na kai bakin ƙofa sai idona ya koma saman rahoton, wurin wadda ta zo ta ɗaya. Casa'in da bakwai cikin ɗari. Na cire tabarau na goge, na mayar. Sunan bai canza ba. Rediyo ce.

Rediyo fa! Yarinyar da in ta buɗe baki da ƙarfe takwas ba ta rufe shi sai an tashi. Yarinya ce mai kirki, kowa nata ne, amma ita da lissafi ko gaisuwa ba sa yi. Ina komawa aji na ce ta miƙe.

"Bakwai sau takwas nawa ne?"

"Malama, kin san jiya ma sai da yayata ta yi mini irin wannan tambayar, muna kan hanyar gidan gwaggo, sai ga wani mai babur..."

"Nawa ne?"

"Hamsin da... huɗu?"

Na ce ta zauna. Abin ya tsaya mini a rai kamar tsakuwa a cikin takalmi. Ba fushi nake ji ba, abin mamaki, so nake kawai in sani. Ta yaya wadda ba ta san bakwai sau takwas ba take warware lissafin kaso a kwamfuta?

Bari in gaya muku yadda ɗakin kwamfutarmu yake. Kwamfuta goma sha takwas ne, kowace da lambarta manne a goshi, yarana kuma talatin da shida. Don haka duk ranar Talata da ƙarfe goma nakan raba su biyu. Rukunin farko su shiga su yi minti ashirin, in tafa hannu su fito, rukuni na biyu su shiga. Waɗanda suke waje suna zama a baranda da littattafansu, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, bayana ga ɗaki, fuskata ga baranda, don na waje sun fi na ciki fitina. Kowane yaro yana da kalmar sirrinsa. Da ita yake buɗe shafinsa, in ya gama ya rufe, na'ura ta rubuta makin a sunansa.

Da aka tashi na wuce wurin malamin kwamfuta. Saurayi ne, sa'an ɗana na fari, kullum za ka same shi a ƙarƙashin wani tebur yana ja da waya. Na ce masa, "Ɗan nan, fito. Rediyo satar amsa take yi. Ko dai wani yana yi mata daga gida."

Ya fito yana kaɗe gwiwa. "Anti, daga gida ba zai yiwu ba. Gwajin ba ya buɗuwa sai a cikin ɗakin nan."

"To buɗe mini cikin abin in gani. Ba jimla nake so ba, kayan ciki nake so."

Ya yi dariya, ya ce tun da aka kawo na'urorin nan babu malamin da ya taɓa neman ganin kayan ciki, kowa jimla yake karɓa ya tafi. Ya danna nan, ya danna can, sai ga dogon jeri ya fito: kowace amsa, da lokacin da aka ba da ita, da lambar kwamfutar da aka zauna. Duk amsoshin Rediyo daga lamba tara suka fito. Na bi lokutan da yatsa. Goma da minti ashirin da biyu. Goma da ashirin da biyar. Goma da talatin da takwas. Mako goma sha ɗaya, babu ko ɗaya kafin goma da ashirin.

Na ce, "Tsaya. Rediyo 'yar rukunin farko ce."

"To?"

"Da goma da ashirin da biyar tana baranda tana fasa mini kai da surutu. Ni ce shaida, kunnena ne shaida."

Ya kalle ni, ya kalli lamba tara da ke can kusurwa a bayan ginshiƙi. Ya ce, "Anti, ko dai aljani ne mai son lissafi?"

Na ce in aljani ne a sa shi a rajista, ina buƙatar irinsa a ajina. Ya so ya gaya mini abin da yake zato, na hana shi. Na ce gobe Talata, zan gani da idona.

Washegari na ce wa malamin kwamfuta ya tsare mini baranda, ni kuma na zagaya bayan ginin na tsaya a tagar da take kallon lamba tara. Mace mai shekara hamsin, cikin ciyawa, tana leƙe ta taga! Mai gadi ya hango ni ya yi kamar bai gani ba, Allah ya yi masa albarka.

Rukunin farko suka shiga. Rediyo ta zauna a lamba tara, ta buɗe shafinta tsaf. Tambaya ta farko ta fito. Ta kalle ta, ta juya wa maƙwabciyarta, ta fara labari. Minti ashirin cur hannunta bai sake taɓa maɓalli ba, sai dai yana yawo a iska. Da aka tafa hannu, sauran yara kowa ya rufe shafinsa kamar yadda aka koya musu. Ita kuwa ta miƙe, labarin yana bakinta, ta fita ta bar shafi a buɗe.

Da rukuni na biyu suka fara shigowa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Allura tana gudu. Yarinyar da in tana tafiya ko takunta ba ka ji, ta kutsa tsakanin manyan yara biyu, ta faɗa kan kujerar lamba tara tana haki. Ta gyara zama. Ta ciro guntun fensir da takarda, ta karanta tambaya, leɓɓanta suna motsi. Sai ta yi murmushi. Tun da ta shigo ajina ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta amsa ta farko, ta biyu, ta uku, ba ta ɗaga kai ba har aka tafa hannu. Kafin ta tashi ta rufe shafin Rediyo a hankali, ta tura kujera ciki.

Yanzu na san wa yake yin aikin. Abin da ban sani ba shi ne dalili, kuma shi ya fi ci mini rai. Na fara zargin ko Rediyo ce take tsorata ta, ko kuma tana ba ta wani abu.

Da aka fita hutun rabin lokaci na ce Allura ta tsaya. Na yi niyyar yin magana a hankali, amma a hankalina tsawar wani ce, don ina buɗe baki ta ƙanƙame littafinta a ƙirji. Na jawo benci na zauna don tsawonmu ya zo ɗaya.

"'Yata, ba dukanki zan yi ba. Me ya sa kike zama a lamba tara?"

Ta ce, "Ita ce kullum a buɗe."

"Ina naki shafin?"

Ta buɗe tafin hannunta na hagu ta nuna mini. Babu komai a ciki.

"A nan na rubuta kalmar, ranar farko. Da na je gida na yi wa ƙanina wanka, sai ta goge."

"A hannu? Ba ki da littafi ne?"

"Kin ce ban da littafi, ban da takarda."

Haka ne, na ce. Ranar da aka raba musu kalmomin sirri na tsaya a gabansu na kafa dokoki, ina buga tebur da rula. Kada ka gaya wa kowa kalmarka, ko ni. Kada ka rubuta ta a littafi ko a takarda, a kai ake ajiyewa. Na tuna sarai.

"To da ta goge, me ya hana ki zuwa ki gaya mini?"

Ta ɗago ido ta kalle ni, karon farko. Babu zargi a kallon, mamaki ne kawai, kamar na tambaye ta sunana.

"Kin ce duk wanda ya manta tasa kada ya zo wurinki, ke ba uwar kowa ba ce."

Wayyo Allah. Da muryata ta faɗe shi, har da inda nake ja. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Ni na faɗa don su ji tsoro su riƙe, ko awa ɗaya ban yi ba na manta na faɗa. Ita ta riƙe maganar mako goma sha ɗaya.

Na daure na ce, "Amma ba ki ga sunan wata a saman shafin ba? Ba ki san makin wurinta yake tafiya ba?"

"Na ga sunan. Amma kin ce kwamfutar tana ganin kowa, ta san duk abin da muke yi." Ta nuna goshinta da yatsa, daidai inda ɗan idon kyamara yake a saman allon. "Kullum in na zauna sai in kalli idon sosai, don ta gane ni ce."

Wannan ma ni na faɗa, don kada su buɗe wasanni. Ƙarya ce tsagwaronta, kyamarorin ma ba a haɗa su ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Rediyo ta san kina yi?"

"A'a. Malama, za a hana ni shiga ne? Tambayoyin suna da daɗi."

Ba ta ma san da wasiƙa ba. Ba ta san na riga na sa hannu a mayar da ita baya shekara guda ba. Na ce ta ba ni littafinta, ta je ta sha iska.

Na tafi ofis ban ko ƙwanƙwasa ba, malamin kwamfuta yana biye da ni. Na zayyana wa hedimasta komai. Ya saurara yana juya biro, sannan ya ce, "Malama, na ji. Amma na'ura ba ta ƙarya. In na soke wannan saboda kin leƙa ta taga, gobe kowane uba zai zo mini da tasa tagar."

"Ba ta yi ƙarya ba, Yallaɓai. Abin da aka gaya mata ta faɗa. An ce mata Rediyo ce a zaune, ta rubuta Rediyo."

"To ina shaida? Na yau kaɗai kika gani. Goma sha ɗayan baya fa?"

Nan ya kama ni, kuma da gaskiyarsa. Na tsaya ina jujjuya littafin Allura a hannuna don haushi, sai idona ya faɗa kan wani abu. A ƙarshen kowane aiki, bayan ta ja layi biyu ƙarƙashin amsa, takan rubuta da ƙananan baƙaƙe: idan ban yi kuskure ba. Kowane shafi. Zango guda ina sa wa littafin nan jan biro ban taɓa lura ba, amsa kawai nake dubawa in wuce.

Na juya ga malamin kwamfuta. "Ɗan nan, akwatin nan na ƙarshen gwaji, inda ake cewa yaro ya bayyana yadda ya samo amsa, ana ajiye abin da suka rubuta?"

"Ana ajiyewa, Anti. Ba mai karantawa ne kawai."

Ya buɗe a kwamfutar hedimasta. Mako na ɗaya, a ƙarƙashin sunan Rediyo, bayani layi huɗu, a ƙarshe: idan ban yi kuskure ba. Mako na biyu haka. Hedimasta ya karɓi littafin, ya sa yatsa ɗaya a takarda, ɗaya a allo, yana bi mako-mako kamar yaro mai koyon karatu. Da ya kai na sha ɗaya ya ce, "Ikon Allah." Ya jawo aljihun tebur, ya ciro wasiƙar, ya miƙo mini. Ya ce tunda ni na sa hannu, ni zan yaga. Na yaga ta gida huɗu.

Aka kira Rediyo. Na zaci za ta yi kuka, ina! Ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi Malama ni ma abin yana ba ni mamaki! Na ce ko na'urar tana ba da makin zuwa ne. Har mamata ta saya mini sabuwar jaka." Hedimasta ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa. Malamin kwamfuta ne bai yi dariya ba. Ya ce mata ta gode wa Allah da ya sa mai son lissafi ce ta samu shafinta a buɗe. Da wani ne ya zauna ya rubuta zagi ko ya aika wa malami maganar banza, da sunanta zai fita, kuma babu wanda zai yarda ba ita ba ce. Nan bakin Rediyo ya mutu, na kusan minti ɗaya. Ya ce daga yau zai saita na'urorin, duk shafin da aka bari minti biyu ba a taɓa ba ya rufe kansa.

Sai aka zo kan kalmar Allura. Na tambayi malamin kwamfuta kwana nawa zai ɗauka a samo mata sabuwa, ko sai an rubuta wa kamfani. Ya kalle ni kamar zai yi kuka. Ya danna wuri biyu, ya juya mata maɓallan, ya ce ta zaɓi kalmar da ba za ta manta ba, mu kuma muka juya baya. Na ƙirga a zuciyata. Daƙiƙa goma sha biyu.

Ranar Laraba na shiga aji ba tare da rula ba. Yara suka miƙe suka gaishe ni, suka zauna suna kallon hannuna. Na ce musu akwai maganganun da na yi a farkon zango da zan gyara. Doka ta farko tana nan, kada ka ba kowa kalmarka, kuma in ka gama ka rufe shafinka. Amma kwamfuta ba ta ganin kowa, sunan da aka ba ta kawai ta sani, ƙarya na yi muku. Mantuwa kuma ba laifi ba ce. Na ciro gidan tabarauna na buɗe, na nuna musu 'yar takardar da na manna a ciki, daga nesa yadda ba za su iya karantawa ba. Na ce tawa kalmar ke nan, ni da na hana ku rubutawa, sau uku ina mantawa kafin in yi wannan dabarar, kuma yau zan cire ta.

Wani ya yi 'yar dariya a baya, ya haɗiye.

Na ce, "To. Duk wanda ya manta kalmarsa, yake shiga da ta aboki ko yake zaman banza a gaban allo, ya ɗaga hannu. Ba duka, ba faɗa. Na rantse."

Babu wanda ya motsa. Suna kallona, suna auna ko tarko ne. Sai Allura, da ta riga ta samu tata, ta ɗaga siririn hannunta a hankali, ta juya ta kalli 'yan aji. Hannu ɗaya ya tashi a layin baya. Wani a tsakiya. Wata a gabana, yarinyar da nake yabo kullum. Biyun nan da wasiƙunsu suke cikin aljihun teburin hedimasta, waɗanda na ce ko iyayensu ba za su yi musu ba, su ma suka ɗaga.

Ni malamar lissafi ce, amma sai da na ƙirga sau biyu, don idona ya cika da ruwa. Ban da na Allura, hannu tara ne.